Giwan Ruwa: Asalin Sunan da Nauyin da Yake Ɗauke da Shi

A kasuwannin kifi na Yawuri da Baga da bakin kogi a Yamai, akwai kifin da ba a yi masa ciniki irin na sauran. Tarwaɗa da ƙarfasa kashi-kashi ake kasa su, kawara kuwa da kwano ake auna ta. Amma idan babban giwan ruwa ya shigo kasuwa, sai a ɗora shi a kan tebur, a kawo wuƙa da adda, a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar yadda mahauci ke yi wa sa. Mai saye ba ya cewa a ba shi kifi ɗaya, sai dai ya nuna wurin da yake so a yankar masa.

Sunan wannan kifi ya zauna a bakinmu har ba ma tsayawa mu saurare shi. Alhali kuwa duk wanda ya fara raɗa shi ya yi nazari, ya kuma bar mana labarin yadda kogunanmu suke a zamaninsa. Bin diddigin sunan zai kai mu Kabi, ya kai mu Sudan da Misira, ya kai mu har Tafkin Biktoriya, sa'an nan ya dawo da mu gida da tambayar da ta shafi masunci da mai saye baki ɗaya.

Wane kifi ne wannan?

Giwan ruwa kifi ne mai ɓawo, fari mai ƙyalli irin na azurfa, bayansa da ɗan duhu-duhu. Yana da ƙaton baki da leɓen ƙasa mai turowa gaba, da baƙin ido wanda rawaya ta kewaye. A gadon bayansa akwai ƙayoyi masu tsini, wutsiyarsa kuma ba ta rabu biyu ba, a kewaye take. Yana cikin manyan kifayen ruwan daɗi na duniya, domin yakan kusa mita 2 a tsawo, nauyinsa kuma yakan kai kilo 200, ko da yake irin waɗannan ba kullum ake ganinsu ba. Mata sun fi maza girma, saboda haka mafi yawan ƙattin da ake ɗauka hoto da su mata ne.

Gidansa na asali ya ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma: Kogin Nilu, Tafkin Turkana, Tafkin Albat, Kogin Kwango, Tafkin Cadi da kogunan da ke zuba cikinsa, Kogin Kwara da Binuwai, Kogin Bolta da Kogin Senegal. Tun yana ƙarami yake farauta. Yakan fara da ƙananan halittun ruwa da ƙwari, ya koma jatan lande, daga nan sai kifi, har da 'yan uwansa idan ya same su. Idan ya girma ba shi da abin tsoro a ruwa sai kada da ɗan Adam.

Yana da rauni guda wanda ya kamata a riƙe, domin za mu sake komawa kansa. Tarwaɗa tana iya rayuwa cikin taɓo, gaiwa takan binne kanta a busasshiyar ƙasa har damina ta dawo, amma giwan ruwa sai ruwa mai zurfi, mai yalwar iskar shaƙa. Da zarar ruwa ya ja baya ya ɗumame, ciyawa ta ruɓe a cikinsa, shi ne kan gaba wajen mutuwa.

Yadda Bahaushe ke raɗa suna

Hausa tana da wata tsohuwar dabara ta ba baƙon abu suna. Sai a ɗauko dabbar da kowa ya sani, a jingina ta da wurin da baƙon yake zaune. Da haka aka sami raƙumin dawa saboda dogon wuya, da jakin dawa saboda siffar jiki. Da aka juya wajen kogi, sai aka sami karen ruwa, da ragon ruwa, har igiyoyin da iska ke tayarwa ma aka ce musu raƙuman ruwa saboda tozonsu. Ba Hausawa kaɗai ke yin haka ba. Sunan da Girkawa suka ba dorina, wanda harsunan Turai suka gada, ma'anarsa dokin kogi.

Abin lura shi ne, a kowane irin wannan suna akwai siffa guda da aka ɗauko aka bar sauran. Giwan ruwa ba shi da haure, ba shi da hannu, ba ya cin ganye. Abin da ya haɗa shi da giwa girma ne, da kuma abin da girma ke jawowa, wato kwarjini da fifiko. A bakin Bahaushe giwa ta daɗe da wuce matsayin dabba kawai, ta zama ma'aunin ƙarshe na girma. Maroƙa sukan kira basarake toron giwa. Uwargidan sarki akan ce mata giwar sarki. Don haka wanda ya ce giwan ruwa ya faɗi abu biyu a numfashi ɗaya: wannan ne mafi girma a cikin kifaye, kuma shi ne mai sarautarsu.

Za a ƙara gane darajar sunan idan aka jera shi da na sauran kifaye. Tarwaɗa, kurungu, minjirya, yauni, bargi, tsage, talibambam, duk sunaye ne na kansu, waɗanda mai jin Hausa a yau ba zai iya fasa su ya ga abin da ke ciki ba. Giwan ruwa kuwa a buɗe yake. Yaron da bai taɓa ganin kogi ba, idan ya ji shi, ya san ana maganar wani ƙaton abu ne.

Kalmomin da aka gina sunan da su tsofaffi ne. Hausa ta ari kalmomi masu yawa daga Larabci, amma ba ta ari sunan giwa ba, duk da cewa kowane almajiri ya san Suratul Fil. Mun ci gaba da cewa giwa, har shekarar da aka haifi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna kiranta Shekarar Giwa. Masana harshe suna lissafa giwa da kifi cikin kalmomin da Hausa ta gada tun daga tushe, domin suna da 'yan uwa a wasu harsunan dangin Cadi da ake yi a Bauci da Yobe da Borno da Adamawa. Wannan ya dace da tarihin ƙasar, domin a da giwaye suna yawo a dazuzzukan ƙasar Hausa, mafarauta sun san su, fatake kuma suna safarar haurensu zuwa ƙetaren Sahara. Mutanen da suka kwatanta kifi da giwa sun ga giwar da idonsu, sun kuma ga kifin da ya cancanci kwatancin.

Giwan ruwa ko giwar ruwa?

Nan akwai wani ɗan ƙulli da ɗaliban nahawu ke so. Giwa kalma ce ta mace. Muna cewa giwa ta wuce, muna cewa giwar daji. Bisa ƙa'ida, da sai a ce giwar ruwa, kuma akwai masu faɗin haka. Amma abin da ya fi yawo a bakin masunta da 'yan kasuwa, kuma ya shiga littattafan masana kifi, shi ne giwan ruwa.

Ana iya fahimtar haka ta fuska uku. Ta farko, da kalmomin biyu suka haɗe suka zama suna ɗaya, abin da ke zuciyar mai magana kifi ne, kifi kuwa namiji ne a Hausa, shi ya sa ake cewa giwan ruwa ya kama fatsa. Ta biyu, sauran sunayen da ke kewaye da shi duk da harafin n suke: ragon ruwa, karen ruwa, sarkin ruwa. Harshe yana son jera abubuwa masu kama a layi ɗaya. Ta uku, akwai karin harshe, irin na Zazzau da Bauci, inda ba a cika bambanta mace da namiji a irin wannan mahaɗi ba, ga kuma Hausar kasuwa ta bakin Kwara da Binuwai inda Nufawa da Jukunawa da sauran masunta ke hulɗa da Hausa. Ko ta wace hanya aka bi, sakamakon yana da amfani. Wannan ɗan harafi yana raba dabbar da kifin. Giwar da ta shiga tafki tana wanka giwa ce a ruwa, amma giwan ruwa kifi ne.

Abin da wasu suka gani a jikinsa

Kowace al'umma da ta zauna da kifin nan ta ba shi suna, kuma kowane suna yana nuna abin da ya fara ɗaukar hankalinta.

Mutanen Sudan sun bi hanyar da Hausawa suka bi, sai dai sun tsaya a garke ba su shiga daji ba. Suna kiransa ijil, wato ɗan maraƙi. Hausawan da suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garuruwa irin su Mai Wurno, sun iske kifin da suka baro a Rima da Kwara yana jiransu da wani sunan dabba. A Misira kuwa sunan da aka fi sani shi ne ƙishir bayad. Ƙishir ɓawo ne, bayad kuma daga fari yake, wato su jikin suka duba, ba girman ba.

Misirawan dauri sun wuce ba shi suna, sun kai ga girmama shi. A garin Isna, kudu da Luksor, an alaƙanta shi da wata abar bautarsu mai suna Neit, kuma masu tonon kayan tarihi sun samo maƙabarta ta musamman cike da waɗannan kifaye, an shafe su da magani an naɗe su da ƙyalle. Da Girkawa suka mallaki Misira, sunan kifin a bakinsu latos, sai suka kira garin Latofolis, wato birnin latos. Masanin ƙasa Strabo ya ambaci wannan girmamawa a littafinsa kimanin shekara 2,000 da suka wuce.

Daga wannan kalma ta Girkanci sunan kimiyya ya fito. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya sa kifin cikin jerinsa a 1758, ya jingina shi da Kogin Nilu. A 1828 Bafaranshe Georges Cuvier ya ware masa rukuni mai suna Lates. Shi ya sa a yau ɗalibin kimiyya a Sakkwato da na Tokyo duk suke rubuta Lates niloticus. Sunan da ya fito daga bakin masuntan zamanin dauri ya zama na jami'o'in duniya.

Turawan Ingila kuwa sun yi abin da baƙo ya saba yi, sun kwatanta shi da na gida. Akwai wani kifi a kogunan Turai mai ƙaya a baya da zane-zane a jiki wanda suke kira perch. Kalmar ta shigo musu daga Faransanci, ta fito daga Latin, Latin kuma ta karɓo ta daga Girkanci, inda take da dangantaka da kalmar da ke nufin mai duhun dabbare-dabbare. Da suka ga namu yana da irin wannan ƙira, sai suka ce Nile perch. Sunan bai yi masa adalci ba ta fuska biyu. Na Turai ɗan ƙarami ne, da wuya ya wuce kilo biyu ko uku. Kuma binciken masana ya nuna ba gidansu ɗaya ba. Cikin 'yan uwan giwan ruwa na kusa akwai baramundi, wanda ake kamawa a arewacin Ostareliya da kudancin Asiya.

A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, daga Nijar da Mali zuwa Cadi da Kamaru, sunansa capitaine, wato kyaftin. A nan muƙamin soja aka ba shi. Duk wanda ya zauna a gidan abinci a Yamai ko Bamako ko Njamena ya ga wannan suna a saman jerin abinci, da tsadarsa. Sai dai a yi hattara, domin a garuruwan bakin teku irin su Dakar da Abijan ana kiran wani kifin gishiri daban da wannan sunan. Bahaushen Maraɗi ko Gaya yana iya amfani da sunayen biyu a rana ɗaya, giwan ruwa a bakin kogi, kyaftin a otal.

A gabashin Afirka, Luwo na Kenya suna cewa mbuta, mutanen Yuganda suna cewa mputa, a Tanzaniya kuma sangara. Idan aka tara sunayen, za a ga uku daga cikinsu, giwa da maraƙi da kyaftin, sun taru a kan abu ɗaya, ko da yake masu raɗa su ba su yi shawara da juna ba: wannan kifi ya fi ƙarfin a kira shi kifi kawai.

Masu kamu don nishaɗi, da masu kamu da hannu

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke kamun kifi ba don tukunya ko kasuwa ba, sai don gwada ƙwarewa. Sukan fita da sanda mai zare da ƙugiya, abin da suke nema kuma shi ne kifin da zai yi kokawa da su. Sau da yawa idan sun kama sukan auna shi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. A wurin irin waɗannan mutane giwan ruwa yana sahun gaba a Afirka. Idan ya ji ƙugiya yakan nutse da ƙarfi ya nufi duwatsu don ya tsinke zaren, ko ya yi tsalle sama da baki buɗe yana girgiza kai. Saboda shi mutane ke biyan kuɗi mai yawa su je Tafkin Nasir, wanda ya samu bayan gina babbar madatsar Aswan, ko gindin magangarar Murchison a Yuganda. Wanda ya shiga kundin bajinta na duniya a irin wannan kamu an same shi ne a Tafkin Nasir a shekarar 2000, nauyinsa kilo 104.

Kabawa sun riga su gane cewa kama wannan kifi abin gasa ne, kuma su ba sa sa sanda tsakaninsu da shi. Bikin kamun kifi na Argungu a siffarsa ta yau ana ƙirga shi daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe dogon tarihin gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A ranar babban su, dubban masunta sukan jeru a bakin kogin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa. Da an ba da alama sai su faɗa ruwa gaba ɗaya, cikin kusan sa'a guda a san gwani. Gorar ita ce abin dogara a kan ruwa, ita ce kuma ma'ajin ƙananan kifaye. Babba kuwa sai an rungume shi an fito da shi. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a kan ma'auni. A 2020, da bikin ya dawo bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, na farko ya kai kilo 78. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Akwai abin da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba. Ba a samun irin waɗannan ƙatti a Matan Fada don sa'a kawai. Ana samunsu ne domin akwai doka ta gargajiya, ƙarƙashin Sarkin Ruwa da masarauta, wadda ta hana su a wannan yanki har sai ranar biki. Wato abin da ake tafa wa hannu a rana ɗaya amfanin haƙurin shekara ne.

Giwa a garin wani

Hausawa na cewa giwa a garin wani zomo ce. Giwan ruwa ya saɓa wa wannan karin magana, kuma saɓawar ta zama darasi ga duniya.

Tafkin Biktoriya, wanda Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye, shi ne mafi faɗi a Afirka, kimanin murabba'in kilomita 68,000. Ko da yake Nilu daga cikinsa yake fitowa, babu giwan ruwa a ciki tun asali, domin magangarun ruwa sun tare masa hanya. Abin da ke cikin tafkin shi ne ƙananan kifaye dangin ƙarfasa, iri-iri har kusan 500, waɗanda mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Wasu jami'an mulkin mallaka suna ganin waɗannan ƙanana ba su da wata daraja a kasuwa, gara a kawo babban da zai cinye su ya mai da su tsoka. A shekarun 1950 aka fara sakin giwan ruwa a tafkin, aka ƙara a farkon shekarun 1960.

Kusan shekara ashirin ba a ga wani abin a zo a gani ba. A shekarun 1980 sai ya yi ambaliya. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin iri 200 na ƙananan kifayen nan sun ɓace ko sun kusa ɓacewa, ko da yake gurɓacewar ruwan ma ta ba da nata ƙarfin. Masuntan da suka saba shanya ƙananan kifi a rana suka koma neman itace, domin giwan ruwa yana da mai, ba ya bushewa sai an yi bandarsa, dazuzzukan bakin tafki kuma suka ji a jikinsu. Wannan ne ya sa aka sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna a duniya.

Amma labarin yana da ɗaya fuskar. Masana'antun sarrafa kifi sun tashi a Mwanza da Kisumu da Jinja, jiragen sama suna kwasar tsokarsa zuwa Turai, dubban mutane suka sami abin yi. Har jakar iskar da ke cikinsa ta zama haja mai tsada da ake busarwa a kai Sin da Hongkong. A Tanzaniya wasu suka yi masa laƙabi da mkombozi, wato mai ceto. Fim ɗin Darwin's Nightmare na Hubert Sauper, wanda ya fito a 2004, ya nuna akasin haka, inda tsoka ke tafiya Turai, talakawan bakin tafki kuma suna cin kai da ƙashi, kuma gwamnatin Tanzaniya ta yi fushi da fim ɗin ƙwarai. Kifi ɗaya, masani yana kiransa annoba, masunci yana kiransa mai ceto, kowa kuma yana da hujjarsa.

A kogunanmu bai taɓa yin irin wannan ɓarna ba, domin shi da tsage da kurungu da ƙarfasa sun daɗe tare, kowa ya san maɓoyarsa. Darasin a fili yake ga masu kiwon kifi na yau: kada a ɗauko wani iri daga wata ƙasa a sake shi a kogi ko madatsa don kawai an ji yana saurin girma.

Sunan yana nan, girman fa?

A gida matsalarmu ta juya. Can ya yi yawa, nan kuwa manyansa ne ke ƙaranci.

Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Da buɗaɗɗen ruwa ya zama fadama, raunin nan da muka ambata ya bayyana. Giwan ruwa da tsage suka ja baya, tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa suka mamaye wurin. A yammaci kuma, madatsar Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo a 1984 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Rima kowace damina, fadamun da ƙananan kifaye ke girma a cikinsu. Madatsar Kainji ta 1968 ta samar da babban tafki mai zurfi wanda ya dace da shi, amma yawan masu su da irin kayan da ake amfani da su sun matsa masa.

Nan ne laifin hannunmu yake. Kafin macen giwan ruwa ta fara ƙwai sai ta yi shekaru, ta wuce rabin mita a tsawo, idan kuma ta girma sosai takan zuba miliyoyin ƙwai. Taru mai ƙananan idanu, da gidan sauron da aka mai da koma, suna kwashe 'ya'yan tun ba su kai tafin hannu ba. Masu zuba guba irin su gamalin a ruwa kuwa ba sa barin babba ba sa barin ƙarami, ga cutar da suke kai wa cikin masu ci. Ƙasashen Tafkin Biktoriya, da suka ga kamunsu na raguwa, sun kafa dokar cewa kada a kama wanda bai kai santimita 50 ba, kada kuma a kama wanda ya wuce 85, don a bar yara su girma, a bar iyaye su hayayyafa. Wannan bai yi nisa da hikimar Matan Fada ba.

Ita kanta giwar dajin ta zama abin da sai an je wurare irin su Yankari ko gandun dajin W kafin a gan ta. Yaran Kano da Katsina da Damagaram suna jin sunanta a karin magana da tatsuniya, ba su taɓa jin ƙarar karya itacenta ba. Idan aka ci gaba da yadda ake tafiya, jikokin masunta za su riƙa kiran ɗan kifin da bai cika faranti ba da sunan giwa, suna mamakin abin da ya sa kakanninsu suka yi irin wannan zuƙi. Alhali kakannin ba su ƙara gishiri ba, abin da suka gani suka faɗa.

Gyaran ba ya buƙatar wani sabon ilimi daga waje. Sarakunan ruwa da shugabannin masunta su dawo da hutun su a lokacin da kifi ke ƙwai, su keɓe wuraren da ba a taɓawa, masarautu kuma su tsaya musu. Hukumomin kifi na jihohi su sa ido a kan girman idon taru, su hukunta masu guba ba sani ba sabo. Masu kula da madatsun ruwa su tuna cewa akwai masunta a ƙasa da su, su riƙa sakin ruwa a kan kari. Masunci ya mayar da ƙarami ruwa, domin kifin da yau ba zai sayi mudun gero ba, bayan 'yan shekaru zai iya sayen buhu. Mai saye kuma yana da nasa ƙarfin, wanda ya fi na kowa saurin aiki: idan aka miƙo masa giwan ruwan da bai kai kamu ɗaya ba, ya ce a'a. Ranar da ƙananan suka daina samun kasuwa, ranar za a daina kamo su.